Yadda Masana Ke Gano Halin Tauraro Daga Haskensa Kaɗai

A shekarar 1835 wani masanin falsafa ɗan ƙasar Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa su taurari za mu iya sanin siffarsu da nisansu da yadda suke tafiya, amma abin da aka yi su da shi kam ba za mu taɓa sani ba. Kuma in ka duba da idon mutanen lokacin ai maganarsa da hankali a ciki, tunda ba zuwa za a yi a gutsuro rana a kawo ɗakin gwaji ba. Ya rasu a 1857, bayan shekara biyu kacal aka fara karanta sinadaran da ke cikin rana ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kowa ya ɗaga ƙafa daga ƙasa ba. Dabarar da aka bi ita ce sifektiroskofi, wato a tsaga haske a baje shi launi-launi a karanta abin da ke rubuce a ciki, kuma har gobe ita ce babban makamin masu nazarin sararin samaniya, nesa ba kusa ba ta fi hoto amfani, duk da dai hoton ne mutane suka fi gani suna yaɗawa.

Abin ya yi kama da likita da mara lafiya. Kallon fuska zai nuna masa cewa akwai matsala, amma sai an ɗebi jini an kai lab sannan ake sanin takamaiman abin da ke faruwa a ciki. To hoto shi ne kallon fuskar, tsaga hasken kuma shi ne gwajin jinin.

Tun wajen 1666 Isaac Newton ya nuna cewa in ka sa hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku zai rabu ya fito da launukan bakan gizo, daga ja zuwa shuɗi mai duhu. Kowane launi yana da tsawon zangonsa, ana auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, ido yana gani daga wajen 400 zuwa 700. Wannan shimfiɗar launukan ita ce bakan haske. A 1802 William Wollaston ya lura da wasu 'yan baƙaƙen layuka a cikin bakan hasken rana bai ba su muhimmanci ba, sai a 1814 wani maƙerin gilashi ɗan Jamus, Joseph Fraunhofer, wanda gilasansa sun fi na kowa kyau a zamanin, ya zauna ya lissafa layukan nan sama da 500, ya sa wa manyan haruffa, kuma haruffan nasa har yanzu da su ake kiran wasu. Bai san me suke nufi ba amma ya auna su da kyau, kuma wannan ma ba ƙaramin aiki ba ne.

Waɗanda suka warware zancen su ne Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen a garin Heidelberg, daga 1859 zuwa 1860. Sun ga cewa duk sinadarin da ka ƙona a harshen wuta yana fitar da haske ne a wasu keɓaɓɓun wurare nasa na kansa, ba ya canzawa, sodiyam misali kullum layuka biyu ne rawaya manne da juna a 589.0 da 589.6, kuma in farin haske mai ƙarfi ya bi ta cikin tururin sodiyam ɗin da bai kai shi zafi ba sai tururin ya shanye daidai waɗannan wuraren, su koma baƙaƙe. Shi kenan, baƙaƙen layukan Fraunhofer ashe sunayen sinadaran da ke saman rana ne, hasken da ke fitowa daga ƙasa-ƙasa yana ratsa iskar da ke sama tana shanye rabonta. Da wannan dabarar su biyun suka gano sababbin sinadarai har biyu a nan duniya, siziyam a 1860 da rubidiyam a 1861.

Dalilin da ya sa kowane sinadari ke da layukansa sai daga baya aka fahimta. A 1885 Johann Balmer, malamin makaranta ne a Siwizalan, ya samo wani ɗan lissafi da ya dace da layukan haidirojin, su 656.3 da 486.1 da sauransu, sannan a 1913 Niels Bohr ya zo da bayani: ilektiron ɗin da ke cikin ƙwayar zarra ba ko'ina yake iya zama ba, matakai ne ƙayyadaddu, in ya sauko daga na sama zuwa na ƙasa sai ya saki haske daidai gwargwadon tazarar, in kuma zai hau sai ya sha haske daidai wannan gwargwadon. Tunda tsarin matakan kowane sinadari daban ne, layukansa ma dole su zama daban. Kusan a ce kimiyyar kwantam gaba ɗayanta daga ƙoƙarin fahimtar layukan nan ta taso.

To yawanci a nan bayani ke tsayawa, a ce ana gane sinadarai da haske, a wuce. Ni kuma a ganina nan ne ma aka fara, don layi guda ɗaya yana amsa tambayoyi da yawa, inda ya zauna magana ce, in ya gusa daga mazauninsa wata magana ce, faɗinsa daban, in ya rabe biyu ko uku daban, ƙarfinsa idan aka gwada da na maƙwabcinsa shi ma daban, kuma kowannensu sai kana da ilimin fiziks ɗin da ke bayansa kafin ka karanta daidai, in ba haka ba za ka ga abu ƙuru-ƙuru ka fassara shi a karkace.

Ɗauki labarin hiliyam. Lokacin kusufin rana na 18 ga Agusta 1868 Jules Janssen yana Indiya yana kallon harsunan wutar da ke gefen rana, daga baya a shekarar Norman Lockyer a Ingila shi ma ya duba, aka ga wani layi rawaya a wajen 587.5, kusa da na sodiyam amma ba shi ba ne. Lockyer ya ce sabon sinadari ne, mutane da yawa ba su yarda ba, sai a 1895 William Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse mai yuraniyam a ɗakin gwaji. An gan shi a rana shekara 27 kafin a same shi a ƙasa. Wannan nasarar ta sa duk wanda ya ga baƙon layi sai ya ce shi ma ya gano sabon sinadari, kuma a nan aka yi tuntuɓe har sau biyu, tuntuɓen da ya fi nasarar koyar da darasi.

Na farko, a 1864 William Huggins ya juya madubin hangen nesansa kan wani gajimaren iska a sararin samaniya ya ga layuka kore masu haske, mafi ƙarfinsu a 500.7, babu wani sinadari da aka sani mai irin su, aka raɗa masa suna nebuliyam. Aka yi shekara sama da 60 ana nemansa, jadawalin sinadarai ya cika babu gurbin da za a sa shi. Sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa oksijin ne kawai, wanda ya rasa ilektiron biyu. To me ya hana a gan shi a lab? Akwai wasu matakai da in ilektiron ya hau yakan daɗe kafin ya sauko da kansa, daƙiƙoƙi masu yawa, alhali a sauran matakan ko ƙiftawar ido ba ya kaiwa. A iskar da muke shaƙa akwai ƙwayoyi sama da biliyan biliyan 20 a cikin ɗan wuri mai santimita guda a tsawo da faɗi da zurfi, suna ta karo da juna ba tsayawa, kafin ilektiron ɗin ya samu ya saki haskensa wani ya buge shi ya ƙwace ƙarfin. A gajimaren can kuwa ƙwayoyin ɗaruruwa ne ko dubbai a wuri mai girman haka, babu mai damun kowa, sai ya sauko a natse ya ba da koren haskensa. Ka ga kenan layin ba sunan sinadari kawai yake faɗa ba, yana faɗin yadda wurin yake fayau. Yau da irin waɗannan layukan ake auna gajimaren, in ka gwada layukan sulfa guda biyu na 671.6 da 673.1 za su ba ka yawan cunkoson iskar, in ka gwada na oksijin na 436.3 da na 500.7 za su ba ka zafinta.

Na biyun ya fi ban mamaki. A kusufin 1869 aka ga wani koren layi a 530.3 a cikin farin rawanin da ke kewaye rana, wanda ba a ganinsa sai wata ya rufe ta, aka ce shi ma sabon sinadari ne, koroniyam. Wajen 1940, da aikin Walter Grotrian da Bengt Edlén ɗan Suwidin, aka gano ƙarfe ne, ƙarfen da aka tuɓe wa ilektiron 13. Kafin ka iya tuɓe wa ƙarfe ilektiron 13 sai zafi ya haura digiri miliyan guda, alhali fuskar rana kanta wajen 5,500 take. Wato ka yi nesa da wuta zafi ya ƙaru sau ɗaruruwa. Layi ɗaya tal ya buɗe wannan matsalar, kuma har yanzu ana kan aikinta, tana cikin dalilan da suka sa aka harba kumbon Parker a 2018 ya je ya shiga cikin rawanin da kansa.

Amma wanda ya fi taɓa ni a duk tarihin nan shi ne aikin Cecilia Payne. Kafin 1925 kusan kowa ya yarda cewa rana da ƙasa kayan haɗinsu ɗaya ne, ƙarfe da silikon da kalsiyam da sauransu, saboda in ka kalli bakan hasken rana layukan ƙarfe sun cika ko'ina, layukan kalsiyam guda biyu na 393.4 da 396.8 su ne ma mafi kauri, na haidirojin kuwa ba su kai su ba. Hankali zai ce wanda layinsa ya fi ƙarfi shi ya fi yawa. To ba haka ba ne. Meghnad Saha ɗan Indiya ya fitar da lissafi a 1920 da ke nuna yadda zafi ke ƙayyade ƙwayoyi nawa ne za su rasa ilektiron, Payne kuma ta ɗauki lissafin ta ɗora shi kan tarin bakan hasken taurarin da ke Harvard, waɗanda Annie Jump Cannon ta rarraba dubbai ɗaruruwa daga cikinsu da idonta. Abin da ya fito shi ne, kafin haidirojin ya sha hasken da ido ke gani sai ilektiron ɗinsa yana kan mataki na biyu, kuma a zafin fuskar rana 'yan ƙalilan ne cikin biliyan suke kan matakin, sauran duk suna ƙasa ba ruwansu da hasken, shi kuwa kalsiyam a wannan zafin kusan dukkansa a shirye yake ya sha. Don haka ɗan kalsiyam kaɗan sai ya cika wuri, haidirojin da ya ninka shi sau dubbai ɗaruruwa ya yi shiru. Ta kammala cewa taurari yawancinsu haidirojin ne da hiliyam. Henry Norris Russell, babba a fagen a lokacin, ya ce mata hakan ba zai yiwu ba, har ta rubuta a kundin digirinta cewa da wuya sakamakon ya zama gaskiya, sannan a 1929 shi da kansa ya bi wata hanyar ya iso wurin da ta riga shi zuwa. Yau mun san cewa a nauyi kusan kashi uku cikin huɗu na rana haidirojin ne, kusan kashi ɗaya hiliyam, duk sauran sinadaran a haɗe ba su kai 2 cikin 100 ba. Kuma daga nan aka gane cewa bambancin da ake gani tsakanin taurari, wanda ake rarraba su da shi a jerin haruffan O, B, A, F, G, K, M, galibi bambancin zafi ne ba na kayan haɗi ba, shi ya sa layukan haidirojin suka fi ƙarfi a taurari irin su Vega masu zafin wajen digiri 10,000.

A 1952 Paul Merrill ya ga layukan teknitiyam a wasu tsofaffin taurari, sinadarin da mafi daɗewar nau'insa rabinsa ke lalacewa cikin shekara miliyan huɗu da 'yan kai, taurarin kuwa sun yi biliyoyin shekaru, ka ga babu makawa a cikinsu ake ƙera shi.

Sai maganar gusawar layi. Christian Doppler ya yi bayaninta a 1842, kuma sauti ma yana yin haka, shi ya sa jiniyar mota ke canza murya in ta wuce ka. In abu yana tahowa layukansa su gusa wajen shuɗi, in yana tafiya su gusa wajen ja, gwargwadon gusawar gwargwadon gudun. Abin da nake so a lura da shi shi ne wannan awon bai damu da nisa ba, in dai hasken ya iso to gudun ya iso tare da shi. A 1912 Vesto Slipher ya auna galaksin Andromeda, wani ƙaton tarin taurari irin wanda ranarmu ke ciki, ya ga tana tunkaro mu da gudun kusan kilomita 300 a daƙiƙa, amma da ya ci gaba da auna wasu sai ya ga yawancinsu guduwa suke yi, kuma alƙalumansa ne Edwin Hubble ya haɗa da awon nisa a 1929 aka ga cewa wadda ta fi nisa ta fi gudu, wato sararin samaniya buɗewa yake yi. A 1963 Maarten Schmidt ya yi ta fama da layukan wani abu mai kama da tauraro, 3C 273, sun ƙi dacewa da komai, sai ya gane ai layukan haidirojin ne na Balmer da suka gusa da kusan 16 cikin 100, abin da ke nufin yana da nisan biliyoyin shekarun tafiyar haske kuma haskensa ya fi na galaksi sukutum. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna gudun iskar da ke gefe-gefen galaksi suka ga ba ya raguwa yadda lissafi ya ce, dole akwai wani nauyi da ba a gani, abin da ake kira baƙin abu yanzu.

Inda awon ya kai maƙura a laushi shi ne neman duniyoyin da ke kewaya wasu taurari. Duniya tana jan tauraronta kamar yadda yake janta, sai ya riƙa ɗan rangaji gaba da baya. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka ga tauraron 51 Pegasi yana rangaji da gudun mita hamsin da 'yan kai a daƙiƙa, yana maimaitawa duk kwana 4.2, suka ce wata ƙatuwar duniya ce manne da shi, kuma wannan ya ba su kyautar Nobel a 2019. Jufita tana sa ranarmu rangajin kusan mita 12.5 a daƙiƙa, tamu duniyar kuwa santimita 9 kacal, ko tafiyar kunkuru ce, a ce za ka gano hakan a jikin tauraron da ke can nesa, alhali saman tauraron kansa tafasa yake yana motsa layukan fiye da haka. Na'urar HARPS a ƙasar Chile ta kai wajen mita guda, ESPRESSO kuma an gina ta ne da burin santimita 10, kuma yanzu babbar matsalar ba na'urar ba ce, hayaniyar tauraron ce.

Akwai wani misali na kwanan nan da ke nuna dalilin da ya sa na ce hoto bai isa ba. Bayan an harba madubin James Webb ranar 25 ga Disamba 2021, hotunan farko sun nuna wani ɗan jan ɗigo, CEERS-93316, wanda daga launinsa aka ƙiyasta gusawarsa ta kai 16, wato tsawon zangon haskensa ya ninka sau 17 kafin ya iso, da ya zama cikin galaksi mafi tsufa da aka taɓa gani. Da aka tsaga haskensa sai aka ga 4.9 ce, wasu layuka masu ƙarfi ne suka faɗo daidai cikin matatan kyamarar suka ba da launin da ya ruɗi mutane. Wata kuma, JADES-GS-z14-0, da aka tsaga nata sai ta tabbata, gusawarta ta haura 14, haskenta ya taso tun sararin samaniya bai cika shekara miliyan 300 ba. A irin wannan nisan layin haidirojin na 121.6, wanda asalinsa ya fi ƙarfin ido ta ɓangaren shuɗi, an ja shi sau 15 ya koma can bayan ja, shi ya sa aka gina Webb don ganin wannan ɓangaren.

Faɗin layi shi ma magana ne, sai dai yana da wuyar sha'ani don abubuwa da yawa ne ke faɗaɗa shi. Zafi yana sa ƙwayoyi su yi ta kai-komo, wasu na zuwa wasu na tafiya, layin ya baje. Matsi yana sa su dami juna, shi ma ya baje amma da wata siffar, mai dogayen fukafukai, da haka ake bambance ƙaton tauraro mai sakakkiyar iska da ƙarami mai matsattsiya ko da zafinsu ɗaya. Juyawar tauraro ma haka, gefe ɗaya na tahowa ɗaya na tafiya. Aikin mai nazari shi ne ya kalli siffar ya raba wa kowa nasa. In kuma layin ya rabe, to maganaɗisu ne, Pieter Zeeman ya gano haka a lab a 1896, George Ellery Hale kuma a 1908 ya ga rabewar a baƙaƙen tabban da ke jikin rana, ƙarfin maganaɗisun wurin ya ninka na duniyarmu sau dubbai, karo na farko kenan da aka auna maganaɗisu a wajen duniya, kuma da wannan hanyar ake sa ido kan rana yau don hasashen guguwarta da ke iya taɓa tauraron ɗan adam da layukan lantarki.

Ba a hasken da ido ke gani kawai ake yi ba. Haidirojin mai sanyi yana da layi a zangon rediyo, santimita 21, Hendrik van de Hulst ya yi hasashensa a 1944 aka gan shi a 1951, yana ratsa ƙurar da ke tare haske, da shi aka zana hannayen galaksinmu. A ɓangaren eksire kuma akwai layin ƙarfe da ke fitowa daga iskar da ke juyawa dab da baƙin rami, nauyin wurin yana ja masa siffa ya karkace.

A ɗakin gwajin fiziks ma aikin ɗaya ne. Harold Urey ya gano haidirojin mai nauyi a 1931 daga wasu raunanan layuka da suka ɗan kauce wa na Balmer. A 1947 Willis Lamb da Robert Retherford suka ga matakai biyu na haidirojin da lissafin lokacin ya ce daidai suke ashe akwai 'yar tazara ta wajen megahaz 1,000 a tsakaninsu, kuma wannan 'yar tazarar ce ta tilasta aka gyara ka'idar haske da ilektiron gaba ɗaya. Daƙiƙar da agogonka ke bugawa ma tun 1967 da layin siziyam ake fassara ta, kaɗawa 9,192,631,770. A cibiyar binciken fiziks ta CERN masu gwajin ALPHA sun kama kishiyar haidirojin, wato irinsa amma mai cajin lantarki a juye, sun haska mata leza, zuwa 2018 sun nuna layinta ya dace da na haidirojin har zuwa kashi 2 cikin tiriliyan, suna neman ko ɗan bambanci ne da zai bayyana dalilin da ya sa kishiyar ta ɓace daga sararin samaniya.

Wanda na fi so a wannan ɓangaren shi ne na masu neman samar da makamashi ta hanyar haɗa ƙwayoyin zarra. Filasma, wato iskar da zafi ya tuɓe wa ƙwayoyinta ilektiron, in ta kai zafin miliyoyin digiri ba abin da za ka tsoma a ciki ya dawo, haske kaɗai ne ɗan aike. A 1968 masanan Tarayyar Sobiyat suka ce na'urarsu ta tokamak mai suna T-3, wadda ke riƙe filasma da maganaɗisu, ta kai zafin wajen digiri miliyan 10, ƙasashen yamma suka ƙi yarda, sai a 1969, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, wata tawaga daga Culham ta Ingila ta kwashi kayanta ta tafi Mosko, suka harba leza cikin filasmar suka auna yadda ilektiron masu gudu suka faɗaɗa launin hasken da ya warwatso, sakamakon ya gaskata Sobiyat, kuma daga nan duniya ta karkata ga tokamak har zuwa ITER da ake ginawa a Faransa.

Duk da haka fa dabarar tana da inda take rauni, kuma yanzu da ake neman alamar rai a wasu duniyoyi ya kamata kowa ya san wannan. In duniya ta gifta ta gaban tauraronta ɗan hasken yana ratsa iskarta, a 2002 aka fara ganin sodiyam ta haka a HD 209458 b, a 2022 Webb ya ga iskar kabon dayoksaid ƙarara a WASP-39b, wannan babu gardama don alamar babba ce. Amma a Satumban 2020 da aka sanar da ganin fosfin, wata iska da ake ɗauka za ta iya zama alamar rai, a gajimaren Zuhura, layi ɗaya ne tal, rarrauna, kuma yana dab da wani layin sulfa dayoksaid, da wasu suka sake tace bayanan sai alamar ta ragu sosai, a wajen wasu ma ta ɓace. Haka aka yi da K2-18b a 2025, aka ce an ga alamar wata iska da a duniyarmu ƙananan halittun teku ke fitarwa, wasu masanan suka sake lissafi suka ce wasu sinadaran daban ma za su iya ba da wannan siffar, kuma ƙarfin shaidar bai kai ba. Ni dai duk sanda na ga irin wannan labarin abin da nake fara tambaya shi ne layuka nawa aka gani, wace na'ura ta biyu ta tabbatar, kuma an auna layukan sinadarin a lab a irin wannan zafin da matsin ko kuwa ƙiyasi aka yi, don sinadarai da yawa jadawalin layukansu bai cika ba.

Ko ita rana da ke kusa da mu ba a gama da ita ba. A shekarun 2000 Martin Asplund da abokan aikinsa suka sake lissafin layukanta da samfurin kwamfuta mai la'akari da tafasar samanta, sai adadin oksijin da kabon ya sauko da kusan kashi ɗaya cikin uku, lissafin ya fi na da inganci amma sai ya daina dacewa da abin da girgizar cikin rana ke nunawa, wanda a da suke tafiya daidai. A 2015 aka sanar da cewa an dafa ƙarfe a na'urar Z ta Sandia a Amurka zuwa zafi irin na cikin rana aka ga yana tare haske fiye da yadda ka'ida ta ce, wanda zai iya cike wani ɓangare na giɓin, sannan awon niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke fitowa daga tsakiyar rana, da gwajin Borexino ya yi a Italiya ya fi karkata ga adadi mai yawa irin na da. Kuma da yake da rana ake gwada sinadaran kusan duk sauran taurari, duk gyaran da aka yi mata sai ya bi ya shafi nasu lissafin, har da shekarun da ake ba su.